Kurakurai biyu da na yi a abincin farko na ɗiyata

Ƙannena masu goyo, ina rubuta muku wannan ne saboda abin da ya same ni sa'ad da ɗiyata ta fari ta cika wata shida ta fara cin abinci. A lokacin, abin da nake dubawa kawai shi ne ko cikinta ya cika. Nakan dama garin hatsi ruwa tsululu don ya wuce mata ba wahala, in ta shanye ta yi barci sai hankalina ya kwanta. Idan na dafa nama kuwa, romon nake tsiyaya mata, a zatona duk amfanin naman ya narke a ciki, tsokar kuma sai ta yi haƙora.

Tana wata goma na lura kuzarinta ya ragu, ga yawan rigima, abincin ma ta fara kawar da kai daga gare shi. A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta sa yatsa ta ja fatar idonta ta ƙasa, ta ce in duba. Wurin da ya kamata ya yi ja ya koɗe, haka ma tafin hannunta. Gwaji ya tabbatar da ƙarancin jini, kuma har yau in na tuna wannan rana sai zuciyata ta sosu.

A nan na fahimci cewa jariri yakan zo duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, wato sinadarin da jiki ke buƙata don yin jini, kuma ajiyar takan fara ƙarewa wajen wata shida, alhali nonon uwa, duk da babu abin da ya kai shi, ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne. Tsakanin wata 7 da 12, yaro yana buƙatar kimanin miligiram 11 na ƙarfe a kullum, fiye da na namiji baligi, ga shi kuma cikinsa bai wuce ƙaramin kofi ba. Duk cokalin da na cika da ruwa, gurbin abinci mai gina jiki ya cinye. Romo ɗanɗano ne da ɗan kitse, ƙarfen da furotin suna nan zaune a cikin tsokar da nake hana ta. Ƙarfen da ke cikin nama, hanta da zuciya kuma jiki ya fi saurin tsotse shi a kan na hatsi da ganye.

Kuskurena na biyu tsoro ne ya haife shi. Da na ji hanta tana da ƙarfe da bitamin A da B12, sai na shiga ba ta kullum, har likita ya tambaye ni abin da take ci ya dakatar da ni. Bitamin A ba ya fita da fitsari, taruwa yake yi a hantar yaro, kuma yawansa yana cutarwa. Iyakar da masana suka sa wa jariri ita ce maikurogiram 600 a rana, hanta kuwa 'yar kaɗan ce ke kai wannan adadi. Cokalin shayi ɗaya ko biyu, sau ɗaya a mako, ya wadatar. Sauran ranaku a ba shi tsokar nama, zuciya, kifin da aka tsince ƙayarsa, ko ƙwai da ya dahu sosai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023, ta ce a riƙa ba yaro nama, kifi ko ƙwai a kowace rana, tare da ci gaba da shayarwa.

Wajen haɗa hantar, nakan cire jijiyoyi da duk inda maɗaci ya taɓa ya yi kore, in dafa har sai na yanka tsakiya ban ga alamar jini ba, saboda ɗanyar hanta, musamman ta kaza, tana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. Tun da ɗuminta nake murƙushe ta a rariya da bayan cokali, in gauraya da dafaffen dankali ko kabewa, in sassauta da ɗan nono. Kaurin da ake so shi ne wanda in kin karkata cokali ba zai zube nan take ba. Ba gishiri, ba sukari, ba zuma kafin shekara ɗaya, kuma a guji shayi domin yana hana jiki tsotsar ƙarfe, 'ya'yan itatuwa masu bitamin C su ke taimakawa. Ranar farko ɗiyata ta yamutsa fuska ta tofar, sai a karo na biyar ko na shida ta buɗe baki da kanta, don haka kada ki karaya da wuri.

Idan kin riga kin ga koɗewar ido ko ta tafin hannu, ki kai yaron a gwada jininsa. Ɗiyata sai da ta yi watanni tana shan maganin ƙarin jini da likita ya rubuta, tare da gyaran abincin, kafin jininta ya koma daidai.