Mako biyu aka ce, na yi wata huɗu

Har yanzu in na tuna kwalbar maganin idon nan sai na ji haushin kaina. Ba ta kai tsawon yatsa ba. Likita ya ce in ɗiga na mako biyu in daina, ni kuwa na yi wata huɗu ina ɗigawa.

Ciwon ya daɗe tare da ni. Kullum in farka gashin idona ya manne da kwantsa, bakin fatar idon ya yi ja, ga ƙaiƙayi, ga ji kamar an watsa mini yashi. Hazbiya ta fito ta baje, ta sake fitowa. Da aka duba aka ce blefaraitis ne, wato kumburin gefen fatar ido. A jere a bakin fatar akwai ƙananan kafofi, wajen 20 zuwa 30 a ta ƙasa, na sama sun fi haka, su ke fitar da man da ke hana hawaye saurin bushewa. Nawa man ya daskare ya toshe su. Amosanin kaina ma, in ji likitan, da hannunsa a ciki.

Abu biyu ya ba ni: gashi da ruwan ɗumi safe da dare, sai maganin ɗigawa mai dexamethasone, wani sinadarin rage kumburi. Gashin kwana uku na yi na watsar, don ban ga abin da tsumma zai yi wa ciwo ba. Maganin kuwa cikin kwana biyu jan ya ɓace. Na ce to, ga magani. Ya ƙare na sake saya, ya ƙare na sake.

Ranar da na koma asibiti, hazbiya ce ta kai ni. Aka auna ƙarfin ruwan idona ya kai 29, alhali na mai lafiya tsakanin 10 ne zuwa 21. Likitan ya ajiye biro ya ce, “Malam, wa ya ce ka ci gaba da shi?” Na rasa ta cewa. Ashe irin wannan maganin, in aka daɗe a kansa, yana ɗaga ƙarfin ruwan ido ba ciwo ba alama, har ya kai ga gilakoma, ciwon da ke lalata jijiyar ido, yana kuma kawo yanar ido. Allah ya taimake ni jijiyar ba ta taɓu ba. Ya janye mini shi a hankali, bayan 'yan makonni awon ya sauko.

Abin da ya fi ba ni takaici, tsumman da na raina shi ya yi aikin. Sai dai da ba daidai nake yi ba: tsumma yana hucewa cikin minti ɗaya ko biyu, man kuwa yana son ɗumi na minti 5 zuwa 10 kafin ya narke. Yanzu ina ta sake tsoma shi har lokacin ya cika, sannan in murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido, in goge bakin da auduga mai tsafta. Sai da na yi kusan wata guda kafin na ga bambanci.

Bai warke ba, an kuma gaya mini ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. In na yi sakaci na mako guda, kwantsar ta dawo. Kwalbar nan ta huɗu, da sauran rabi a ciki, a kwandon sharar asibitin na baro ta.