Kofi mai jan zare

Laraba, Garwa.

Da fara'ata na tashi. Kawu ya aiko da kifin Binuwai tun da sassafe, Ummi kuma ta yi wanke-wanke ba wanda ya ɗaga mata murya. Sai ga wayar Yaya: ɗinkin biki ya sha mata kai, in taimaka in kai Abba karɓo maganin farfaɗiya. Muka hau mashin.

Ƙaramin asibitin unguwa ne, ba ƙwararren likita. Nas ce, ita ke awon masu ciki, ita ke yi wa jarirai rigakafi. Ta duba katinsa, ta tambayi rabonsa da faɗuwa, ko yana shan fenobabital ɗinsa kowane dare. Na zaci shi ke nan, har na ɗauki jakata. Sai ta ajiye biro ta juyo da kujerarta wajensa.

"Abbana, da wa kake wasa yanzu?"

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa.

"A makarantar allo fa, wa ke zama kusa da kai?"

"Ba kowa. Sun ce in miyauna ya taɓa mutum zai ɗauka."

"To a gida?"

"Ina da kofina. Hajiya ta ɗaura masa jan zare."

Ko muryarsa ba ta rawa ba, yaro ɗan shekara 9. Ni ce na rasa inda zan sa idona.

Ba ta yi masa wa'azi ba. Da Hausa, tana haɗawa da Fillanci, ta gaya masa farfaɗiya ciwo ce ta ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta miyau ko ta kwano. Ta tambayi barcinsa, ta tambayi abin da ke ba shi haushi. Sannan ta ce da ni rigimar da Yaya ke kuka da ita ba lalle rashin ji ba ne, maganin yakan sa wasu yara ƙiriniya da saurin fushi. Kada dai a yanke shi kwatsam, a dawo a duba. Ta ba shi aiki: ya nemi aboki guda, ya zo mata da sunansa wata mai zuwa. Ta ce ko malaminsu a turo mata.

Na ce, "Malama, a ina kika koyi wannan?" Ta yi dariya. Horo ne na 'yan kwanaki, daga shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2008, don ma'aikata irinta su riƙe abin da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawan da za su riƙe. Ta ce kusan 7 cikin 10 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai.

Bayan magariba na samu Hajiya. "Hajiya, nas ta ce ba a ɗauka."

"Nas ɗin ce ta haife shi? Ke, tashi ki ba ni wuri."

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Duk gidan ba mai son Abba kamar Hajiya. Ranar da ya faɗi kusa da murhu ita ta janye shi, har yau tabon na hannunta. Ita ke kwana a kansa, ita ke ɓoye masa ƙuli-ƙuli. Kuma ita ta ɗaura zaren. Ta ina zan fara da ita?

Yaya ta ce a bar wa Kawu, shi kaɗai Hajiya take saurara, sai Juma'a in ya zo gaisuwa.

An ɗauke wuta. Ummi, na san kina karantawa, dawo min da tocilata.