Jarrabawar tuƙi a Birtaniya: bidiyon da ke kayar da tsofaffin direbobi

Wanda ya sauka a Birtaniya da lasisin Najeriya ko Nijar, wata 12 kacal zai yi tuƙi da shi daga ranar da ya zama mazauni. Ba a musanya shi da na ƙasar, sai dai a faro daga tushe: lasisin koyo daga DVLA (hukumar ba da lasisin tuƙi), jarrabawar kwamfuta ta DVSA (hukumar shirya jarrabawar tuƙi) a kan fam 23, sannan ta kan titi.

Ta kwamfutar kashi biyu ce, kuma dole a ci duka a zama ɗaya. Kashin farko tambayoyi 50 ne cikin minti 57, ana neman 43. Wannan karatu ne kawai.

Na biyun shi ne mai wuyar sha'ani. Za a nuna maka bidiyo 14 da aka ƙera da kwamfuta, kamar kai ne a bayan sitiyari. Kowanne na ɗauke da haɗari ɗaya mai tasowa, guda ɗaya kuma yana da biyu, jimla 15. Da ka hango shi sai ka danna linzamin kwamfuta. Mai saurin dannawa yana samun maki 5, mai jinkiri makinsa na raguwa har ya koma sifili. Ana neman 44 cikin 75, kuma ba a maimaita bidiyo.

Ga misalin haɗari mai tasowa: motar da ke fake a gefen titi ba ta cikin lissafi. Sai ta kunna sigina ta fara motsi, har za ta sa ka taka birki ko ka kauce, sannan ake fara ƙirga maki. A nan ƙwararru ke faɗuwa. Direban da ya shekara 15 a kan titi idonsa ya riga na'urar, yana dannawa tun kafin a fara ƙirgawa, ya tashi a tutar babu. A ganina gwajin ya fi auna lokacin dannawa fiye da sanin titi, amma haka dokar take.

Dabarar ita ce ka danna da ka hango, ka ƙara bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka sake idan abin ya fito fili. Kada ka yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa ko a kan salo ɗaya, domin za a ɗauka maguɗi ne a ba ka sifili a wannan bidiyon.

Wanda ya faɗi sai ya jira kwanakin aiki uku, ya sake biya. Wanda ya ci, takardarsa shekara biyu take aiki, in bai ci ta kan titi a ciki ba sai ya dawo gaban kwamfuta.