Daga Portsmouth zuwa Kew, bin sawun ƙananan sojojin ruwa

Jirgin ƙasa na hau a tashar Waterloo ta Landan, ya dire ni a Portsmouth daf da bakin teku. Taku kaɗan sai ga HMS Victory, jirgin yaƙin da aka harbi Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya, a kansa a gumurzun teku na Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba, 1805. Jama'a duk wurin da ya faɗi suke tururuwar gani. Ni kuwa mutum 800 da ɗoriya da suka ja igiya suka ɗura igwa a jirgin, su ne suka kawo ni.

A cikin gari na sami wani dattijo mai sayar da tsofaffin lambobin yabo. Ya miƙo mini wata ta azurfa, ƙyallenta fari mai shuɗin baki, ya haɗa mini da gilashin ƙara girma.

"Bar fuskar Sarauniya Victoria, dubi gefen," in ji shi.

Ashe sunan mai ita ne aka buga a kaurin gefen, haruffa ƙanana, hannu ya soma cinye su. Abin da ya ci mini rai shi ne jinkirin. Sai a 1847 aka amince a ba talakan soja wannan lamba ta yaƙe-yaƙen teku, shekara 42 bayan Trafalgar, kuma sai wanda ke raye ya nema. Wanda ƙasa ta rufe wa ido, iyalinsa ko oho.

Washegari na wuce Kew, unguwar Landan da ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya take. Kundin ADM 171 ya jera waɗanda aka ba lambobi. ADM 188 kuwa, na sojojin da suka zo daga baya, ya fi daɗin karatu: garin haihuwa, tsayi, launin ido, zanen da ke damtse, jiragen da mutum ya yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, har da halinsa. Kana karantawa kamar ga shi tsaye gabanka.

Nan na nemi mutanen Kru na gaɓar Laberiya, waɗanda suka daɗe suna aiki a jiragen yaƙin Ingila a Afirka ta Yamma. Rundunar ruwan Ingila ce ta ƙona birnin Benin a 1897, har aka buga ƙarfe mai sunan garin ana maƙalawa a lambar yabo. Amma da yawa daga 'yan Kru sunan izgili Turawa suka laƙaba musu, irin su Kwalbar Giya da Kaskon Suya, shi kuma aka rubuta a rajista. Sunan da uba ya raɗa ranar suna bai shiga takarda ba, don haka jikan da ya zo neman kakansa ba shi da abin da zai ce wa ma'aikacin ɗakin ya duba masa.