Yashin da ke tafiya gabas

Ni mutumin Yobe ne, tun ina yaro na san rairayi na tafiya, domin a wajen Yusufari tudun yashi kan cinye gona. Sai da na je Ikko na ga ashe teku ma tana wannan aikin.

Ɗan ƙanwata mai aikin safiyo ya ɗauko ni daga Agege bayan sallar asuba. Muka shiga kwale-kwale mai inji zuwa Tarkwa Bay. Ban saki gefen jirgin ba har muka sauka, babu addu'ar da ban karanta ba.

Da saukarmu ya ɗauki sandar awo mai GPS, yana takawa daga busasshen yashi har inda ruwa ke lasar ƙafa, yana rubuta tsayin ƙasa. Ya ɗebi yashi a leda don a tankaɗe shi a ga girman ƙwayarsa.

"Kawu, bayan wata uku zan sake auna wannan layin," in ji shi. "In na haɗa da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, taswira za ta nuna inda yashi ya tashi da inda ya sauka."

Ya nuna mini doguwar katangar duwatsu da ta kutsa cikin teku. Turawan mulkin mallaka suka fara ginin a 1908 don kada yashi ya toshe wa jiragen ruwa mashiga. Igiyar ruwa a nan a karkace take bugun gaɓa, daga kudu maso yamma, tana tura yashi gabas. Katangar ta tare shi, bakin tekun yamma ya yi ƙiba, Bar Beach da ke gabas ta rame shekara da shekaru. A wurin ne aka cike teku aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Da yamma, bayan cunkoson hanyar Lekki ya gasa mu, muka isa Alpha Beach. An jera duwatsu cikin ruwa don riƙe yashi, amma ni kututturan kwakwa na tsaya kallo, ruwa na dukansu. Wani Basakkwace mai shayi ya miƙa hannu can cikin kumfa.

"Alhaji, a can teburina yake da."

Yaron nan ya buɗe littafinsa, ya tambaye shi wace shekara ce.