Turken keke: abin da teburin gyara ya koya mini

Sana'ata ita ce sayarwa da gyaran na'urar da ake kafa keke a kanta a tuƙa shi cikin ɗaki. Ni da yarana biyu turke muke ce mata, don keken na ta gudu amma yana nan inda aka ɗaure shi.

Kafin in nuna wa mai saye komai sai na tambaye shi wane irin keke gare shi, kuma ko akwai masu kwana a ƙasan ɗakinsa. Amsarsa ce ke yi masa zaɓi.

Tsohon samfuri shi ne wanda tayar baya ke guga a jikin ƙaramar ganga. Shi ma iri-iri ne, gwargwadon abin da ke sa feda nauyi. Mai fanka ƙara gare shi, ba na ba mai maƙwabta. Mai maganaɗisu da hannu ake ƙara masa nauyi. Wanda na fi so a cikinsu mai ruwan siliko ne: iya saurinka, iya nauyin da zai ba ka, kamar iskar hanya. Ba ya neman wuta, kuma abin da ke kawo shi wurina bai wuce yoyo ba. Sai dai dukkansu cin taya suke yi, kuma in ka miƙe ka danna feda da ƙarfi tayar kan zame.

Ɗaya samfurin kuwa cire ƙafar baya ake yi, a ɗora sarƙa kai tsaye kan giyar na'urar. Wahoo KICKR da Tacx Neo su suka yi suna a nan. KICKR bel ne ke juya masa faifai mai nauyi, Neo kuwa ba bel, maganaɗisu ke aikin. Suna haɗuwa da manhaja irin Zwift, mai nuna maka hanya a allo kamar kana tuƙi a waje, ta Bluetooth ko ANT+ (shi ma haɗi ne marar waya); hawan tudu ya bayyana a allo, ƙafarka ta ji shi nan take. Shiru gare su, awon da suke yi wa ƙarfin tuƙinka kuma ya fi daidai.

A nan aikinmu ya fi yawa. Dole giyar ta dace da ta keken, sandar ƙafar baya ma iri-iri ce, kowace da mahaɗinta. Ba na barin kowa ya ɗauki irin wannan sai ya kawo kekensa mun ɗaura tare.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne zufa. A ɗaki ba iskar da za ta busar da ita, sai ta gangara ta ci kusoshi da wuyan keke. Shi ya sa duk wanda ya saya nake roƙonsa ya kafa fanka a gabansa, ya shimfiɗa tawul a kan keken, ya goge keken da zarar ya sauka.