Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gardamar Giram 800

A makon jiya mun tsaya a inda firam ɗin keken da nake haɗawa, wato gangar jikinsa ta kabon (zare mai ƙarfi da ake daskararwa da danƙo), ya iso hannuna, na ɗora shi a sikeli ya nuna giram 900 da 'yan kai. Kawu ya karɓa, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kara a kunne ya sake ƙwanƙwasawa, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, wannan ai kwali aka sayar maka." Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injin sassaƙa ƙarfe, duk abin da ba ya amo idan an buga shi, a wurinsa ba abin dogaro ba ne.

Burina a lokacin guda ɗaya ne: keken hawan dutse da ba zai kai kilo 8 ba, har da feda. Na buɗe littafi na musamman, kowane abu da ya zo sai ya hau sikeli kafin ya hau keke. A nan na gane cewa nauyin da ake bugawa a jikin kwali da wanda sikeli ke nunawa ba kullum suke jituwa ba. Wani a auna fok, wato ƙafafun da ke riƙe wilin gaba, bayan an datse wuyansa, wani a auna wili ba bawul ba tef. Giram 15 nan, giram 20 can, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Abin dariya, Kawu da ke kushe kabon shi ne ya fi ni sanin dalilin da ya sa ake gudun ƙarfe. A ka yake kawo lissafin: curin baƙin ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da nauyin giram 7.8, titaniyom 4.5, alminiyom 2.7. Da na gaya masa kabon da aka haɗa da danƙonsa bai wuce 1.6 ba, sai ya yi shiru ya ɗan taɓe baki. Na kuma ba shi labarin samarin gundumar Marin ta Kalifoniya da suka fara wannan wasa a shekarun 1970 da tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyin tsiya, suna gangarowa daga tsauni har giris ɗin birkin baya ya ƙone, sai an kwance an sake cusa sabo. A 1977 ne Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan aiki, kuma da ƙarfe ya yi shi. Kawu ya ce, "Ka ji masu hankali." Wannan ɓangaren kawai ya riƙe daga labarin.

Giya ba ta ba mu wahala ba. Tun da kamfanin kayan keke na SRAM ya fito da tsarin faifai ɗaya a gaba a 2012, ya kuma kai shi giya 12 a 2016, zancen faifai uku da abin sauya su ya zama tarihi ga mai neman sauƙin nauyi. Na ɗaura, na saita, muka wuce.

Wili ne ya ci mana lokaci, kuma ya cancanta. Nauyin da ke bakin wili, wato rim da taya, idan za ka ƙara gudu sai ka biya shi sau biyu: ka tura shi gaba, ka kuma juya shi. A hanyar dutse kuwa kullum cikin rage gudu da ƙarawa kake, kwana nan, saiwa can. Na zaɓi rim na kabon mai inci 29 da sifok, wato wayoyin wili, 28 a kowace ƙafa maimakon 32. Sai muka zo kan 'yan notocin da ke riƙe sifok a jikin rim. Na tagulla kowanne ya kai kusan giram ɗaya, na alminiyom kuwa sulusin haka. A ƙafa biyu, bambancin bai kai giram 40 ba. Kawu ya zuba guda ɗaya na kowanne a tafin hannunsa ya ce in rufe ido in faɗi wanda ya fi nauyi. Hujjarsa mai ƙarfi ce: alminiyom da kabon idan suka haɗu ga danshi, alminiyom ɗin ne ke cinyewa, ya yi farin gari, ranar da ka zo gyara wili ya murƙushe a bakin sifana. Na ji, na kuma sa na alminiyom, na shafa wa kowanne giris a mazauninsa. Mai ciwon giram ba ya jin wa'azi a zama ɗaya.

Tiyub kuwa ban ma saya ba. Na roba mai girman wannan taya yana kai giram 200, alhali ruwan danƙon da ake zubawa a madadinsa mililita 60 zuwa 90 ya isa, kuma shi ke toshe hudar ƙaya tun kafin ka san ka taka ta. Ranar da muka hura ta farko Kawu na riƙe da wilin. Iska ta shiga da ƙarfi, bakin tayar ya hau rim da ƙara, tas! tas! har ya kusa sakinsa. Farin ruwan ya riƙa tsattsafowa ta gefe yana 'yan kumfa ƙanana, na karɓa ina jujjuya wilin a kwance, ina girgizawa, kumfar na raguwa ɗaya bayan ɗaya har ta ɗauke.

A wurin ɗaure kan keke ne na ga Kawu ya sauko da kansa. Hannunsa ya saba ɗaure noti har sai ya ji ya ƙi motsi, kabon kuwa ba ya son haka. Ƙarfe yana lanƙwashewa ya yi maka gargaɗi. Kabon yakan tsage daga ciki, waje na sheƙi lafiya lau. A jikin maƙalar da ke riƙe kan keken an rubuta 5 Nm, wato iyakar ƙarfin da za a murɗa notin da shi. Na shafa man nan mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da ke hana kabon zamewa, na miƙa masa sifana mai awo. Ya murɗa a hankali, ta yi ƙas. Ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, Kawu." Ya daɗe yana jujjuya sifanar a hannunsa, daga ranar kuma ba ya bari kowa ya ɗaure noti a keken nan sai shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: notin titaniyom ya yarda, amma na alminiyom ba zai kusanci birki ko maƙalar kai ba. Can wajen mariƙin gorar ruwa, in ji shi, in sa duk abin da na ga dama.

To, sai fok. A nan aka yi ta.

Guda biyu ne a gabana. Ɗaya mai shakazoba, tana nitsewa milimita 100, nauyinta kilo 1.35. Ɗaya sandararre na kabon zalla, giram 550. Tsakaninsu giram 800, fiye da duk abin da na tsinto a notoci da sirdi da sifok a haɗe. Da sandararren, littafina ya nuna keken zai tsaya wajen kilo 7.2. Ku tuna hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun shekarar 2000 ta hana keken tseren kan titi ya gaza kilo 6.8. Ke nan keken dutse na zai zo dab da na 'yan tseren kwalta. Wannan lamba ta hana ni barci.

Na ɗauka Kawu zai goyi bayan sandararren, tunda ba shi da mai, ba shi da roba, ba abin da zai lalace. Sai ya jawo littafin ya ce, "Kai kilo nawa ne?" Na ce 72. Ya rubuta, ya ƙara 8 na keke, ya ja layi. "Tamanin ke nan kake ɗauka zuwa saman dutse. Giram 800 a cikin kilo 80, ɗaya ne bisa ɗari. In ka yi awa guda kana hawa, daƙiƙa 36 ka ci. Gorar ruwanka in ka cika ta ta kusa wannan nauyin. To a gangara fa?"

Na ce, "Kawu, ai hannu da gwiwa su ne shakazoba."

Ya ce, "Na minti nawa?"

Ban da amsa, don na san abin da yake nufi. Tayar gaba in ta daki dutse ba abin da zai shanye dukan, tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta shan kwana. Sai ka rage gudu tun daga nesa, yatsu su sage, kafaɗa ta ɗaure. Daƙiƙa 36 ɗin nan a lanƙwasa uku ta gangara za su tafi. Manyan 'yan tseren ma da ake auna musu komai, can suka karkata: Nino Schurter na Suwizalan da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, da keke mai shakazoba gaba da baya ya ci, bai nemi mafi sauƙin nauyi a rumbun kamfaninsa ba. Keith Bontrager, maƙerin kekuna na Amurka, yana da maganar da ta shahara cewa tsakanin ƙarfi da rashin nauyi da araha, biyu kawai za ka zaɓa. Da na faɗa wa Kawu, cewa ya yi mutumin ya manta da na huɗu, wato wuyan hannun mai keke.

Duk da haka sai da na kwana biyu ina ɗaga sandararren fok ɗin ina ajiyewa. A ra'ayina har yau, ga mai bin hanyar tsakuwa mai laushi ba abin da ya fi shi daɗi, kuma ba na ganin wautar masu sa shi. Amma hanyoyin da nake bi ba su da wannan ladabin. Na mayar da shi kwalinsa. Muka auna wuyan mai shakazobar, Kawu ya zana layi, ya datse da zarto, guntun da ya faɗi ma sai da na ɗora shi a sikeli na cire giram ɗinsa daga lissafi, yana kallona yana girgiza kai.

Da na sake tara lambobin a daren nan, jimilla ta tsaya a kilo 7.98, kuma a ciki faifan birki na milimita 160 na rubuta gaba da baya. Washegari Kawu ya shigo da faifai mai 180 a hannunsa, ya ajiye a kan littafin ba tare da ya ce uffan ba. Yadda muka kwashe da shi a kan wannan, da ranar da keken ya fara taka dutse, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.